Mai Ɗauri, Wanda Ya Hana Sandar Baba Hawa Bango

Kafin masu ban-ruwa su kashe famfo a filin golf, Mai Ɗauri ya riga ya buɗe shagonsa. Shago ma dai a faɗe ne. Wani ɗan ɗaki ne a bayan rumfar injinan yankan ciyawa, mai taga ɗaya da benci ɗaya, warin gam da na roba kuma tun daga ƙofa suke yi maka sannu da zuwa. Zai rataye hularsa a ƙusa, ya wasa 'yar wuƙarsa mai baƙar ƙota, ya jawo sanda ya matse ta a jikin benci, ya tsaga tsohuwar robar mariƙinta ya ɓare, ya naɗa sabuwa. Aikinsa ke nan tun ina yarinya ina bin Baba filin, har yau da furfura ta fara leƙo ni. Ɗaurin mariƙin sandunan golf ne ya zame masa suna, kuma na tabbata rabin 'yan kulob ɗin ba su san yana da wani ba. Ni Kawu nake ce masa.

Kwanan baya kulob ya yi masa ritaya. Haka suka kira abin. Ni kora nake kiransa, kuma da ɓacin rai na zauna wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Ga wanda bai san wasan ba, golf kashi biyu ne. Akwai bugun nesa, na masu ƙarfin kafaɗa, waɗanda ke zabga wa ƙwallo sanda su tsaya suna kallon sama a gan su. Akwai kuma wasan kusa, inda za ka ɗaga ƙwallon a hankali daga ciyawa ko daga ramin yashi, ta sauka kusa da rami, ka lallaɓa ta ta shiga. Ƙarfin kafaɗa yana barin mutum, amma ido da haƙuri ba su cika tafiya da wuri ba, don haka wasan kusa shi ne rabon tsofaffi. Akwai sanda mai faffaɗan baki a karkace da ake ɗaga ƙwallon da ita, tsofaffin kulob ɗin suna ce mata ludayi.

Mai Ɗauri ma'aikacin kowa ne, amma zuciyarsa tana wurin masu ludayi. In ya gaisa da tsoho ba ya sakin hannu da wuri. Wani abokin Baba da ake wa laƙabi da Sauri-Sauri, saboda ba a taɓa yin mai nawa kamarsa a filin ba, ya ba ni labari da bakinsa. Yatsunsa sun lanƙwashe da ciwon gaɓɓai, sanda tana suɓuce masa, har ya yanke shawarar daina zuwa. Ya ce, "Mutumin nan ya riƙe hannuna har na zaci addu'a yake min, na fara cewa amin. Ashe awo yake yi." Washegari ya tarar da ludayinsa an yi masa mariƙi mai kauri da laushi, daidai inda yatsun suka tsaya da rufuwa. Wanda bayansa ya duƙa, a rage masa tsawon sanda. Wanda hannunsa ke rawa, a ƙara wa kan sandar nauyi ta zauna. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa kiran sunansa a wurin taro saboda haka.

Kulob ɗin yana da wata al'ada da suke ji da ita, wai kujerar girma. Da zarar kwamiti ya ga tsoho ya fara jinkiri a fili, samari suna tsaye a bayansa suna duba agogo, sai a shirya masa liyafa. A yi jawabi, a tafa, a ba shi kujera mai hannu a baranda, a karɓi sandar da ya fi so a rataye a bangon babban zaure. Daga ranar ba shi ba shiga fili. Sai dai ya zauna ya kalli wasu. Ni ban taɓa ganin kora da hali mai tsafta irin wannan ba: a raba mutum da abin da ke fito da shi daga gida, a kuma sa shi ya miƙe ya yi godiya.

Wanda ke goge sandar ya kafa ta a katako ya rataye, shi ne Mai Ɗauri.

Bara abin ya zo kan Baba. Tun da Inna ta rasu, golf kaɗai ya rage masa. Ni ke kai shi kullum da safe kafin in wuce aiki, kuma a mota ba shi da hira sai ta yadda ya fitar da ƙwallo daga yashi jiya. Ranar liyafarsa Sakataren kulob, wanda Baba ya girmi ubansa, ya tsaya ya ce, "Baba Injiniya ya yi wa wasan nan hidima, lokaci ya yi da zai huta." Wa ya ce masa ya gaji? Baba ya miƙa ludayinsa da hannu biyu, yana murmushin da na san na kunya ne, ya zauna a kujerar aka ɗauki hoto.

Da muka koma gida ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Da safe na ƙwanƙwasa, ya ce, "Je ki abinki, uwata, ina zan je?" Haka gobe, haka jibi. Ya daina aski, ya daina buɗe labule, abinci sai na tsaya a kansa kamar mai ba yaro magani. Likita ya auna shi ya ce ba wata cuta. Ni kuwa ina ganin mahaifina yana tafiya a gabana alhali yana kwance, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wata safiya aka yi sallama. Mai Ɗauri ne, da wani dogon abu naɗe a buhu. Ya ce, "'Yata, Yallaɓai yana ciki?" Bai jira na gama ba shi haƙuri ba ya wuce, ya zauna a bakin gado, ya kwance buhun.

Baba ya dubi sandar ya daɗe. Ya ce, "Malam, wannan ai tana bango."

"Wata ce a bango, Yallaɓai."

"Wace?"

"Wata da mai ita ya karya don fushi ya jefar a tafki. Ita ce ta gaji, ita ta dace da hutu. Riƙe ka ji, na ƙara mata kauri, na ga hannunka ya fara rawa."

A ranar na san abin da tsofaffin kulob suka daɗe suna rufawa. Duk sandar da aka ba Mai Ɗauri ya rataye, ba ya rataye ta. Sai ya ɗauko wata matacciya daga tarkacen shagonsa, ya ɗinke, ya goge har ta yi ƙyalli, ya kafa a katako. Ta gaskiyar kuma ya sabunta mata mariƙi ya mayar wa mai ita. A bayan shagonsa akwai wani kango da ake zubar da yankakkiyar ciyawa, shi ya share shi, ya dasa, ya yi ta ban-ruwa da bokiti har ya zama 'yar shimfiɗa mai laushi, da rami ɗaya da ɗan tudun yashi. Wurin ba ya cikin filin da aka hana su. Nan masu kujerar girma ke taruwa da safe su yi wasan kusa, suna yi wa juna tsiya.

Washegari Baba ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya yi aski, yana cewa na cika barci.

Kawu, kai ne ka tashe shi. Likita bai iya ba, ni da na fito daga jikinsa ban iya ba. Kuma ka san abin da kake saye wa kanka, don Baba bahago ne. Ludayin bahago bakinsa wani ɓangaren yake kallo, kuma duk tarkacenka babu na hagu ko ɗaya. Ka nema ka rasa. Da ka so, da ka ce wannan karon ba hali, ba wanda zai ga laifinka. Sai ka rataye na dama, ka juya bakinsa yana kallon bango, ka ce Allah ya rufa asiri.

Asirin ya rufu wata da watanni. Ranar da zai tonu, wata sabuwar mai shara ce ta ga sanda ɗaya ta juya wa jama'a baya, ta gyara mata zama don kirki. Sakatare ya zo wucewa da baƙi yana nuna musu bangon, yana cewa ga sandar shahararren bahagonmu, sai wani baƙo ya ce ai wannan ta dama ce. Aka sauko da ita. Aka sauko da sauran. Wata an haɗa tsakiyarta da gam, wata kanta daban jikinta daban. Ashe shekara da shekaru a ƙarƙashin bola suke tsayawa suna jawabin karramawa, ba wanda ya taɓa matsawa kusa ya duba. Nan za ka san iyakar girman da suke ba tsofaffin.

Wani mai ban-ruwa yana wurin lokacin da Sakatare ya je shagon, shi ya faɗa mini. Sakatare ya ce, "Ka mayar da kulob abin dariya. Wa ya ba ka izini?"

Mai Ɗauri bai ajiye aikin hannunsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kowa. Sanda dai ta mai ita ce. Bango ba ya wasa."

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani tun ranar da na rasa ta hagu."

Kwamiti ya zauna. Ba su tambayi kansu abin da ya sa mutanen da suka ce sun gaji suke sammako zuwa bayan rumfar injina ba. Ba su kira tsoho ko ɗaya sun ji ta bakinsa ba. Abin da ya dame su baƙi sun yi dariya. Suka ce Mai Ɗauri ya tsufa, za a kawo kanti mai sayar da sababbin sanduna, kangon bayan shago kuma dama ana bukatarsa don ajiye motoci. To, ina so ku ji, ku 'yan kwamiti: tsufa ba laifi ba ne da za a yi wa mutum hukunci a kai, kuma layin da kuka jera mutane a kai kuna cikinsa, ba ku dai iso gaba ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kai kuma Sakatare, na ga yadda ka fara dafa ƙugu in za ka ɗauki ƙwallo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shi ma liyafa suka shirya masa. Wai ba a taɓa ba ma'aikaci kujerar girma ba sai shi. Suka yi jawabi, suka tafa, suka ce bisa al'ada ya kawo wuƙarsa a rataye. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa wata wuƙa mai baƙar ƙota, tana ƙyalli. Ina zaune kusa da Baba ina haɗiye fushi, sai na ji kafaɗarsa tana girgiza. Na zaci kuka yake. Ya matso kunnena ya ce, "Uwata, ba ita ba ce."

Da zai tafi ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya tafi da kujerarsa, tunda ba ɗan kulob ba ne balle ya zauna a baranda. Suka yarda da sauri. Kafin motar rusau ta iso, shi da mai ban-ruwa suka yanka ciyawar da ya dasa da hannunsa, falle-falle, suka naɗe kamar tabarma. Bayan motata ne ya kwaso ta.

Yanzu tana bayan gidanmu, inda nake shanya. Ba zan ce an ci riba ba. Wurin ƙarami ne, rabin ciyawar ta mutu a hanya, ramin kuma gwangwanin madara ne muka binne. Tsofaffi da yawa ba su da mai kawo su nan. Sauri-Sauri gidansa ya yi nisa, 'yarsa ta ce mini ya koma ɗaki ya ja ƙofa, kuma na san irin wannan jan ƙofar. Wannan alhaki yana wuyan waɗanda suka tafa.

Amma kullum da safe Mai Ɗauri yana zuwa. Kujerar girman tasa ya kifa ta, ya ɗora katako a kan ƙafafunta, ta zama benci. Wuƙar ta gaskiya tana aiki. Jiya na ji yana tambayar Baba kwatancen gidan Sauri-Sauri, da wace mota ake shiga.

Kawu, mai hannun da ke jin ciwon hannun wani, na gode. Ba ni da abin da zan saka maka da shi, Allah ya saka, ya ba ka mai riƙe hannunka ranar da naka ya fara rawa. Ku kuma masu karatu, kowa yana da tsoho a gida ko a wurin aiki. Kafin ku ce masa ya huta, ku tambaye shi ko ya gaji. In hannunsa ne ya kasa, ku gyara masa mariƙi, kada ku karɓe sandar.

Baba yana waje yanzu haka, yana kirana in zo in kunna ruwa. Kujerarsa tana can barandar kulob. An ce kyanwar kicin ce ke kwana a kai.