Farantin Wankan Baba

Gidanmu na Sabon Gari tsohon bene ne, daɓen samansa duk katako. Baba yana kwana a sama, ɗakina kuma yana ƙasa, daidai ƙarƙashin lungun da muka mayar masa wurin wanka.

Bayan ɓarin jikinsa ya shanye, saukowa matakala ta gagare shi. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yi wanka da kansa. Yayana ya samo farantin wanka a Samaru, wajen masu sayar da tsofaffin kayan gidajen malaman jami'a, irin farin nan mai nauyi da ake tsayawa a ciki.

Birkilan da muka kira bai taɓa aiki a kan katako ba. Ya yi abin da ya sani, ya zuba siminti mai kauri, ya dasa farantin a kai. Mama ta tambaye shi ko katakon zai ɗauka.

"Haba Mama, siminti ne fa," in ji shi. "Ko saniya za ki wanke a nan."

Famfo ba ya kawo ruwa a unguwarmu, sai muka ajiye duro a gefen farantin, 'yan ga-ruwa suna cika shi. Ba wanda ya yi tunanin nauyin duron.

Baba ya samu abin da yake so. Da safe nakan ji jan ƙafarsa a samana, sai ƙarar moɗa, sai waƙar coci da bakinsa da ya karkace. Katakon kuma yana amsa masa da wani ɗan kuka.

Da damina ta kama, ƙofar ɗakina ta daina rufuwa. Garin katako ya riƙa zubo mini a kan zanen gado. Wani baƙin tabo ya fito a silin, kullum yana ƙara faɗi. Na koma tsayawa a bakin ƙofa duk lokacin wankansa, idona a sama, har sai na ji ya fita.

Wani tsohon kafinta, abokin Baba a coci, ya zo gaishe shi. Na nuna masa tabon silin ɗakina. Ya ɓalle silin, ya soka ƙusa da hannu a katakon da ke ɗauke da daɓen. Ta shige kamar a burodi. Ruwa ya jiƙa shi, gara ta ci cikinsa.

Ya hau sama, ina biye.

"Dattijo, wankan nan ya ƙare."

"Kai da ba ka wanka sai ran Lahadi, me ka sani?" in ji Baba.

Kafintan bai yi dariya ba. Baba ya ce a tokare daga ƙasa. Kafintan ya ce babu sauran katakon da za a tokara.

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, a ƙarƙashin nan kike kwana?"

Na ce e.

"To, a fasa."

Ranar aka kwashe ruwan duron, washegari aka fasa simintin. Daga nan Mama ce ke wanke shi a zaune, da tsumma da baho, yana kallon bango. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Abinci ma ya rage ci. Kafin a girbe dawa muka binne shi.