Sifili Huɗu a Gagarawa Tasha

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da la'asar ɗin da na kai Baba tsohuwar tashar jirgi ba.

Babanmu a reluwe ya ƙare ƙuruciyarsa, nan Gagarawa Tasha. Kan jirgi kuwa, wato injin da ke jan taragai, ya san shi kamar ɗan cikinsa. Yakan ce lambar da ke goshinsa ba ado ba ce, lambobi huɗu ne: biyun farko dangi ne, su ke nuna irinsa da ƙarfinsa, biyun ƙarshe kuma su faɗa maka shi ne na nawa a gidansu. Mu ma 'ya'yansa bai ƙyale mu ba, kowa da lambarsa. Ni ce ta uku, amma Sifili Huɗu yake kirana. In na yi gardama sai ya yi murmushi kawai. Da na zama budurwa na tubure, wai ni ba inji ba ce, har ya daina.

Tsufa ya zo ya kwashe masa sunayenmu kaf. Na taso daga Gumel in duba shi, ya gaishe ni kamar baƙuwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ran nan na riƙo hannunsa muka taka har bakin dogo. Ba jirgi, ba kowa, sai awaki da kawalwalniya tana rawa can inda layin ya ɓace. Ya tsaya yana saurare.

Sai ya ce, "Kin ji shi? Sha bakwai, sifili tara ne. Daga Nguru yake."

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa na motsi a tafin ƙafata. Ya yi ta lissafo kawunan jirage ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga musu hannu.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya daɗe yana kallona. "Ke ai Sifili Huɗu ce."

Hawaye na zuba na ce, "Ta uku dai, Baba."

"A'a. Sifili Uku kwana shida ta yi a duniya, ko suna ba a raɗa mata ba. Kan jirgi ko ya daina aiki, ba a ba wani lambarsa."

Ban taɓa jin labarinta ba sai ranar. Tun daga nan na koyi kada in raina sunan da mai ƙaunata ya kira ni da shi, don ban san wa ya ajiye a cikinsa ba.