Bindigar da Merle Ya Mayar

Merle Tackett ya tsufa yana gyaran bindigogi a wani ƙauyen makiyaya na jihar Montana. In aka yi zancen dokar da ke ba alƙali ikon ƙwace bindigar wanda ake tsoron zai yi ɓarna, sai ya ja tsaki.

"Muna da tamu hanyar," in ji shi. A nan, duk wanda duniya ta yi wa zafi yakan kawo bindigarsa da sunan gyara, Merle ya kulle ta har hankalin mai ita ya kwanta.

Haka amininsa Orval ya yi bayan fari ya cinye masa shanu. Da lokacin farauta ya zo, sai ga shi ya sha aski, yana fara'a.

"Tsoho, an gama gyaran, ko ka sayar da ita ne?"

Merle bai yarda da wannan fara'ar ba. Amma bai taɓa hana mutum kayansa ba. Ya miƙa masa.

Ba barewa Orval ya harba ba, kansa ya harba. Ranar Asabar aka binne shi.

Har yanzu Merle na cewa dokar zalunci ce, sai dai ba ya iya kallon idon kowa in yana faɗa.