Motar Fatakwal

Tun kafin samun 'yancin kai na soma koyarwa a ajin yaƙi da jahilci a unguwar Hausawa ta Anaca, kuma a cikin aikin na tsufa. Tsarina ɗaya ne: baƙi da wasali tukuna, sannan kalma, sannan jimla. Ban yarda kowa ya tsallake ba.

Wani dattijo mai fataucin albasa ya shigo ajina don abu guda. Ya gaji da tambayar 'yan kamasho wace mota ce za ta Fatakwal, suna yi masa dariya. Ya daure har ya iya karatu. Wata rana ya je tasha, ya ƙi tambayar kowa, yana bin allunan motoci yana neman "Fatakwal". Motar ta cika ta tashi a gabansa, domin sunan garin na Turanci, "Port Harcourt", aka rubuta a jikinta.

Da ya zo aji ya ce, "Malam, karatun Kano ka koya mini, ni kuwa a Anaca nake zaune."

Na ce ya zauna mu ƙara darasi. Ya ce ya gode, ƙarfinsa ya ƙare. Ban matsa masa ba, don ni ma na gaji. Bai sake zuwa ba.