Iri Ba Ya Kwana a Rumbu Ɗaya

Ni tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. A aji huɗu na sakandare na yi wa boko sallama. Ba kora ta aka yi ba, benci ne kawai ya ishe ni. Na yi cajin waya a bakin tasha a Karaye, wata huɗu na gaji. Na yi acaɓa, na yi aski, har kiwon zabi na taɓa, suka watse a gonakin mutane. Baba yakan ce, "Kai ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ka natsuwa."

Abu ɗaya ne ya zaunar da ni, kwamfuta. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo garinmu ya ga kullum ina tsaye a kansa in yana aiki, sai ya fara nuna min. Da zai tafi ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa, wadda sai an tokare murfinta da bulo take tsayawa. Cikin abin da ya koya min akwai git. Ga wanda bai sani ba, git kamar magatakarda ne zaune a cikin aikinka. Duk gyaran da ka yi, in ka ce masa ya ajiye, zai ajiye tsohon da sabon, da ranar, da dalilin da ka rubuta. Ko bayan shekara ka ce ya mayar da kai yadda aikin yake ranar kaza, zai mayar. Inda yake tara wannan tarihin shi ake ce wa rifo.

A Unguwar Hajji muke. Akwai wani tsohon malami a layinmu, abokin Baba, a zaurensa na yi karatun allo. Wata rana ya aika a kira ni.

"An ce ka iya na'urar nan."

"Ana taɓawa, Allah gafarta Malam."

"To taɓawar nake so. Miƙo min gafakar can."

Waƙoƙin mahaifinsa ne a ciki, na wa'azi, guda goma sha tara, rubuce da ajami. Gara ta shiga ta yi musu kaca-kaca. Wata takardar in ka ɗaga ta kana hango waje ta jikinta, sai ka ce rariya. Ga idon Malam ya fara yana. Amma tun yana yaro yake jin mahaifinsa na rera su, saboda haka abin da gara ta ci yana nan a kansa. A kansa kaɗai, duk duniya.

Haka muka fara. Kullum da hantsi, in ɗalibai sun tashi, in zauna gefen buzunsa in karanta abin da ya saura a takarda, shi kuma ya cike giɓin, in buga a kwamfuta. Malam kuwa akwai canza magana. Bayan kwana uku sai ya ce, "Baitin nan na ranar Talata, koma kansa. Ba hanya ya ce ba, turba ya ce. Na tuna yana jan muryar a wurin." In gyara, in rubuta wa git dalilin da bakin Malam. Wani lokaci kuma ya ce a mayar da na farkon, shi ne daidai, in dawo da shi nan take. Sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗalibin naka na ciki ya fi ka hadda."

Na taɓa ce masa a ɗora aikin a intanet don ajiya. Ya ce a'a. "Maganar mahaifina ce. Sai ta cika ta tsaya da ƙafarta sannan ta fita." Ban sake tayar da zancen ba. Ni kuma, halina, kullum ina cewa gobe zan kwafa a wani wuri. Goben ba ta zo ba, har muka shekara da rabi.

To gidanmu akwai wata al'ada. Duk kaka Baba zai ware iri, zangarnun gero da dawa masu kyau da zaɓaɓɓiyar gyaɗa, ya raba biyu. Rabi a rumbunmu, rabi a kai wa ƙaninsa, Baffa, a Fulatan ta ƙasar Rogo. Shi ma Baffa ya aiko da nasa. Tun zamanin kakanmu ake yi, tun wata gobara da ta cinye rumbu da irin da ke ciki. Ni ne ɗan kaiwa a babur, kuma kullum sai na yi mita.

Kakar nan Baba yana ɗinke bakin buhu ina tsaye ina ƙunƙuni, sai ya ce, "Wai aikin nan na Malam, ina irinsa?"

"Wane iri kuma, Baba?"

"In akwatin nan naka ya ƙone fa?"

"Kwamfuta ba ta ƙonewa haka kawai."

"Rumbun kakanka ma ba haka kawai ya ƙone ba. Iri ba ya kwana a rumbu ɗaya. Je ka ciro min."

Don dai ya ƙyale ni na yi. Git yana da hanyar da zai ɗaure rifo gaba ɗaya, da tarihinsa kaf, ya zama fayil guda. Na ɗaure, na zuba a wani ɗan memori na waya, bai kai farcen ɗan yatsa ba, na miƙa masa ina dariya. Ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihu ya fita. Washegari na kai buhu Fulatan na dawo. Wallahi ban sake tuna memorin nan ba.

Sati uku bayan haka, mun gama waƙoƙi uku na ƙarshe ke nan, hawan jini ya kayar da Malam. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ƙi. Yana ji, yana ganewa, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Waƙoƙin nan uku na tura su wayata, nakan karanta masa in na je dubiya. A lokacin ne na gane cewa abin da ke cikin laftof ɗina ba shi da na biyu. Na gane, kuma duk da haka na ce gobe.

Da bazara wurin cajin laftof ya lalace. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, na ce wurin caji kawai. Washegari na koma, tun daga nesa yake washe baki.

"Mutumina! An gyara caji. Kuma na ga tana nauyi, sai na yi mata wanka gaba ɗaya. Fomatin. Yanzu sai ka ce sabuwa."

"Ka yi mata me?"

"Har finafinai na cika maka ita da su, kyauta. Ba kowa nake yi wa ba."

Na zauna a ƙasa a gaban shagon, cikin mutane. Shi a ransa alheri ya yi min, yana ta tambaya ko ciwon ciki ne. Na yi duk dabarar da na sani ta tono abin da aka goge. Ina! Finafinan nan sun hau kan wurin sun danne komai. Shekara da rabi na muryar Malam, babu.

Kwana biyu ina zagayawa ta bayan layi don kada in wuce ƙofar zaurensa. A rana ta uku Baba yana gyara ƙotar fartanya, don an yi ruwan farko, ya dube ni ya ce, "Me ka ɓata?" Na gaya masa duka. Bai ɗaga murya ba.

"To ina irin?"

"Wane iri?"

"Abin da ka ba ni da kaka. Yana cikin buhun gyaɗar da ka kai wa Baffanka."

Farin ciki ya taso min, tsoro ya biyo bayansa nan take. An yi ruwa, ke nan an buɗe buhu ana ɓarar gyaɗar shuka. Gidan Baffa kuwa cike yake da samari masu waya. Memori ya faɗa hannunsu, kafin a yi azahar an goge shi an cika da kiɗa. Na sake sauke git a laftof, na goya ta, na ari babur. Yadda na bi hanyar Rogo ranar nan, Allah ne kawai ya tsare awakin mutane.

Na tarar da Baffa a ƙofar gida a kan tabarma. Na durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, ya mutanen Karaye, ya Yaya, ya jikin Malam, ya muka ji da zafi, ruwan ya sauka a wajenku kuwa, gabas ya fi yawa ko yamma. Ni kuwa kamar an ɗora ni a kan garwashi. Sai da aka kawo fura na kurɓa, sannan na samu na ce, "Baffa, buhun gyaɗar nan, an buɗe?"

"Tun shekaranjiya. Innarku ta gama ɓara, gobe shuka."

Na shiga ciki. Inna, matar Baffa, tana sheƙar ɓawo a tsakar gida. Muka sake wata gaisuwar daga farko.

"Inna, ba ki ga wani ɗan abu baƙi ba a cikin gyaɗar? Ƙarami, kamar farce?"

"Baƙi? A'a. Laya dai na gani."

"Laya?"

"Ta jar fata. Na ce ai Yaya ne ya saka don tsarin iri. Ga ta can na rataye a bakin rumbu."

Na je na ciro. Laya ce sosai, ɗinkin baduku, har da 'yar igiyarta. Na matsa da yatsa, na ji wani abu mai tauri a tsakiya. Na zaro reza.

"Kai! Kai ɗan nan! Ka yi hauka ne? Wa ya taɓa buɗe laya?" Ta riƙe min hannu gam. "So kake irin bana ya ƙi fita? Boko ma da ka bari bai sake ka ba."

Na yi bayani, ta ce ita ba ta san wannan ba. Dole na kira Baba, na buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Bar shi ya buɗe," in ji Baba. "Babu aya ko ɗaya a ciki, ni na kai aka ɗinka."

Baffa da ya shigo ya ce, "To Yaya, me ya sa ka mayar da shi laya?"

"Na san gidanka. Da tsirara na saka shi, da yanzu samarinka suna rawa da shi. Laya kuwa ko ɓera sai ya yi shawara."

Baffa ya yi dariya har da tari. Inna ta sake ni tana cewa, "Oh ni! Kwana biyu ina kaffa-kaffa da ita."

Na farke ɗinkin. Takarda a ciki, an naɗe da zare, sai ga ɗan memori. A nan gindin rumbun na zauna, na tokare murfin laftof da taɓarya. Na saka shi. Fayil ɗaya, yana nan yadda na bar shi. Na ce wa git ya warware, ya warware. Na ce ya nuna min tarihi.

Sai ga shi yana zubowa. Layi bayan layi, rana bayan rana, har zuwa hantsin farko da muka zauna. Na ga inda na rubuta, Malam ya ce ba hanya ba ce, turba ce, yana jan muryar a wurin. Na yi wata kabbara da sai da kajin Inna suka watse. Ta ce, "An samu?" Na ce an samu. Ba ta san ko mene ne ba, amma ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Waƙa goma sha shida suka dawo cif, da duk gyaransu. Uku na ƙarshe ba sa ciki, don bayan kaka muka yi su, sai na ɗauko su daga wayata na ɗora a kai. Baitocin sun dawo. Dalilan da Malam ya faɗa a kansu ne suka tafi, waɗannan kam har yau ba su dawo ba, sai ɗan abin da na iya tunawa.

Washegari da hantsi na bi ta gaban layi, na yi sallama a zauren. An jingina Malam da filo. Ban ɓoye komai ba, na ba shi labari tun daga mai gyara har zuwa Inna. Da na zo kan layar, rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga, kafaɗarsa ta hagu ta yi ta girgiza. Tun da ya kwanta ban ga ya yi dariya ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, zan karanta daga farko. In daidai ne ka bugi buzu sau ɗaya, in da kuskure sau biyu."

Sati biyu muka yi muna bi. Wuri huɗu kawai ya buga sau biyu, kuma duk huɗun da na koma tarihi na karanto masa yadda baitin yake a da, sai ya buga sau ɗaya. Ranar da muka kai baitin ƙarshe na waƙa ta goma sha tara, na ce, "Ta cika, Malam. Ta fita?" Ya ɗaga hannun hagu ya sauke a kan buzu, sau ɗaya, da ƙarfi har ƙura ta tashi.

Yanzu rifo ɗin yana wuri huɗu. Ɗaya a gida, ɗaya a Fulatan, ɗaya a Falgore wajen wani tsohon ɗalibin Malam, ɗaya a intanet tunda an ba da izini. Duk kaka in na kai buhu sai na warware na can na duba ko yana buɗuwa, don na ga Baba ma yakan jiƙa 'yan ƙwayoyi a kasko ya ga za su tsiro kafin ya yarda da iri. Inna ta hana a canza wa memorin nan gida. Ita da kanta take sake ɗinke jar fatar ta mayar bakin rumbu, wai gyaɗar waccan shekarar ta yi kyau ƙwarai, ba za ta yi wasa da abin da ba ta gane ba.