Kawu Idirisu, Wanda Ya Miƙa Mini Jirgi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran Kumanda Idirisu Yelwa, matuƙin jirgin sama, a gidansa na unguwar Makèpè a birnin Douala. Zuciya ce ta tsaya.

Kawu, kai ba ƙanin mahaifiyata ba ne, abokin mahaifina ne tun kuna yara a New Bell. Amma a unguwarmu wannan ya isa in durƙusa maka, in riƙe maka takalmi a ƙofar masallaci. Kai ka tsaya mini har na zama mataimakin matuƙi, kana tsokanata cewa kunyata ta fi ta surukin Fulani.

Kunyar nan ta kusa halaka mu. Muna dawowa daga Garwa, jirgi cike da fasinja, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Gilashin gabanka ya tsattsage, ba ka ganin komai. Ka ɗaure ɗamarar kafaɗa, ka kashe na'urar ɗumama gilashin, ka ce da hasumiyar filin jirgi za mu sauko ƙasa-ƙasa don matsin iska ya ragu a kansa. Sannan ka juyo.

"Affan, à toi les commandes," ka ce mini da Faransanci, wato in karɓi tuƙi.

Nawa gilashin lafiya lau, ƙa'ida kuwa ni zan tuƙa. Amma ban karɓa ba. Na ce, "Kawu, kai ne babba."

"A nan sama babu kawu. Karɓi."

Na karɓa. Har muka sauka Douala cikin ruwan sama fuskarka na daf da gilashin da zai iya fashewa, kana kira mini tsawo da gudu, muryarka ko rawa. Daga baya duk mai yaba maka a New Bell sai ka nuna ni, ka ce ga wanda ya sauke.

Ba zan ɓoye ba, tun da ka tafi tsoro nake ji. Watan gobe za a ɗora ni kujerar hagu ta babban matuƙi, kujerarka, ban kuwa san wa zan waiwaya in kalla ba.

A maƙabarta na koma bayan dattawa kamar yadda na saba. Sai ƙaninka Alhaji Husaini ya kamo hannuna, ya ce ka bar wasiyya ni zan shiga kabari. Na buɗe baki zan ce akwai manya, sai na fasa na sauka. Suka miƙo ka, wani ya ce, "Karɓi."

Na karɓa, Kawu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce masauƙinka. Ga matarka Hajiya Aminat da 'ya'yanka Latifa da Sulaiman, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ni ni ma.