Hannuwana a Bidiyon Turare

Wajen gwaggona na koyi haɗa turaren wuta, tun ina yarinya a Maiduguri. Da maigidana ya samo mini iƙama, wato takardar izinin zama, na biyo shi Riyad, sai zaman ɗaki ya ishe ni. Shi direba ne, da sassafe yake fita, ya bar ni a ɗan gidanmu na haya a unguwar Malaz ina kallon bango. Shi ya sa na sayo itacen sandal da hawi da gajiji, na koma sana'ata.

Da farko matan 'yan ƙasarmu kaɗai ke saye. Wata maƙwabciyata ce ta ba ni shawarar in riƙa ɗora gajerun bidiyo a waya. Ba na nuna fuskata. Hannuwana kawai ake gani suna juya itace cikin narkakken sukari, sannan hayaƙi ya tashi daga kasko. Nan da nan mabiya suka yi yawa, har Larabawa suka fara turo saƙo suna tambayar bikam, wato nawa ne.

Tare da ciniki kuma wulaƙanci ya shigo. Wata ta rubuto tana tambaya ko uwar ɗakina ta san ina ɓata mata kicin. Wani ya ce shaggala ta samu waya, yana nufin 'yar aiki. Kicin ɗina ne, tukunyata ce, amma da yake hannun baƙar fata ne, sun riga sun yanke cewa aikin wata nake yi.

Ana haka wata Balarabiya mai shagon turare a unguwar Ulaisha ta neme ni. Ta karɓe ni da gahawa da dabino, ta shinshina kayana ta lumshe ido, ta ce za ta ajiye su a shagonta. Na yi murna ƙwarai. Da na tashi tafiya ta raka ni bakin ƙofa, ta ce cikin murmushi, "Ki riƙa sa safar hannu in za ki ɗauki bidiyo. Kin san masu saye."

Na yi kamar ban gane ba.

Bayan ɗan lokaci maƙwabciyar nan tawa ta miƙo mini wayarta. Bidiyona ne a shafin shagon, da tukunyata da zobena, amma an wanke hannuwan sun koma farare tas, an cire muryata an ɗora kiɗa. A ƙasa an rubuta cewa haɗin gidansu ne tun kakanni. Na zura abaya na hau jirgin ƙasa, ban ma kira maigidana ba.

Na sami mai shagon tana shirya kwalabe. Ko kunya ba ta ji ba, cewa ta yi don amfanina ta yi, wai haka kaya suka fi tafiya.

Na ce, "Hannun da kike ƙyama shi ya dafa abin da kike turara gidanki da shi. Ba ni kayana."

Na kwashe kwalabena na fito. Da maigidana ya ji, ya ce da na yi haƙuri, mu baƙi ne, kada magana ta kai ga kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Na san tsoronsa gaskiya ne, amma ranar shi ma ban ba shi amsa mai daɗi ba.

Washegari na ɗora asalin bidiyon, na yi bayani da Hausa da ɗan Larabcina, ban ambaci kowa ba. Wasu suka daina bina, kuma rashin shagon ya taɓa cinikina sosai. Amma matan Sudan da na Chadi suka yi ta yaɗa shi, wata dattijuwa Balarabiya ma ta aiko direbanta ya saya mata na bikin 'yarta. Mai shagon ta sauke nata bidiyon a ɓoye. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, kuma na ji ta samu wata baiwar Allah da ke haɗa mata.